Windows 10 ko 11 a sabuwar kwamfuta?

Tambaya: Malam, na sayi sabuwar kwamfuta don shagon buga takardu da nake da shi a Wunti. Mai gyara ya ce in sa Windows 10, wai ta fi sauƙi. Me za ka ce? Daga wani mai karatu a Bauchi.

Amsa: Malam, ka tsaya kan Windows 11. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, wato ya daina aiko mata da gyaran tsaro kamar yadda ya saba, kuma kai kullum filashin mutane ke shiga injinka, nan ne bairos ke bi.

Windows 11 tana buƙatar TPM 2.0 (wani ɓangaren tsaro ne a cikin kwamfuta), da RAM 4GB, da ma'aji 64GB. Gaskiya 4GB wahala ce, a nemi 8GB. Don duba TPM, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta tpm.msc.

Inda mai gyaran yake da hujja shi ne tsohuwar firinta. Kafin komai, shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta, ka nemo direbanta na Windows 11, wato manhajar da ke sa ta aiki da kwamfuta. Sau da yawa na Windows 10 ma yana aiki. Sannan ka tanadi data, domin saitin farko na Windows 11 yana neman intanet.