Ina son barin koyarwa: me zan zuba a kundin ayyukana na intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Zariya. Ina da NCE da digirin ilimi, na haura shekara goma ina koyar da Hausa da lissafi a ƙananan azuzuwa. Albashi ya daina kai ni ƙarshen wata, shi ya sa nake neman aiki a ƙungiyoyin tallafa wa ilimi ko kamfanonin da ke shirya darussa a waya. Na tura takardu wurare da dama, amma shiru. Wata ƙawata ta ce in haɗa fotfoliyo, wato kundin ayyukana, a intanet. Hoton satifiket ɗina zan ɗauka in ɗora? Kuma ba ni da kwamfuta, waya kawai gare ni.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Shawarar ƙawarki tana kan hanya, amma in dai satifiket kawai za ki jera, gara ki adana datarki. Kusan duk wanda zai nemi aikin nan tare da ke yana da NCE, yana da digiri, yana da rajistar TRCN, hukumar yi wa malamai rajista. Mai tantance masu neman aiki idan ya ga "malamar firamare, shekara goma", abin da yake hangowa shi ne mace riƙe da alli a gaban allo. Ba ya ganin cewa ke kike tsara darasi, ke kike auna fahimtar yara, ke kike riƙe rajista, ke kike lallashin uban da ya janye 'yarsa daga makaranta. Aikin kundin shi ne ya sa ya ga waɗannan da idonsa. Gani ya kori ji.

Kafin ki ɗora komai, ki tsayar da aiki ɗaya. Kin ambaci ƙungiyoyi da kamfanoni a numfashi guda, alhali a cikinsu akwai mai horar da malamai, akwai mai rubuta darussa da littattafan karatu, akwai mai tattara alƙaluma da bibiyar makarantu. Kowanne da shedar da ake nema a wurinsa. A ganina ƙarfinki yana wajen koyar da karatun farko da Hausa. Shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da shirin RANA a Katsina da Zamfara, duk sun tsaya ne a kan koya wa yaran ƙananan azuzuwa karatu da harshensu. Haka tsarin TaRL da ya samo asali daga ƙungiyar Pratham ta Indiya, wanda ake raba yara gwargwadon abin da suka iya ba gwargwadon ajinsu ba, an yi aiki da shi a Borno da Kano. Irin wannan aiki yana bukatar wanda ya san ƙa'idar rubutun Hausa, ba ya rikita ƙ da k ko ɗ da d, ya kuma san jimlar da ɗan aji biyu zai iya karantawa ba tare da ya sare ba. Masu digiri suna da yawa, masu wannan sani ba su da yawa.

To me za ki zuba? Aiki uku ko huɗu sun isa, kowanne a shafi guda, kowanne yana amsa tambaya uku: wace matsala kika tarar, me kika yi, me ya fito.

Bari in kwatanta miki da ɗaya. A ce kin karɓi aji uku mai yara 80. A makon farko kin zauna da kowane yaro da takarda guda mai hawa huɗu: baƙaƙe da wasula, gaɓoɓi irin su ba, bi, bu, sai kalmomi, sai gajeren labari. Kin rubuta inda kowa ya tsaya. Daga nan kika raba su rukuni-rukuni, kika yanka kwalin sabulu kika yi katunan gaɓoɓi, kika ware rabin sa'a kullum kafin tara. Ƙarshen zango kika sake gwada su da takarda makamanciyar ta farko. Shafinki zai ɗauki hoton takardar gwajin, hoton katunan a shimfiɗe a kan benci, ɗan jadawali mai nuna yara nawa ne a kowane hawa da farko da kuma ƙarshe, sai layi biyar ko shida na bayani. Shi ke nan. Wanda ya karanta wannan ya ga mai iya auna matsala, mai ƙirƙirar kayan aiki daga abin da ke hannu, mai riƙe alƙaluma, ba tare da kin yabi kanki da kalma ɗaya ba.

Kada ki gyara alƙaluman don su yi kyau. Idan yara 20 ba su motsa ba, ki rubuta haka, ki faɗi dalilin da kika gano, ko fashin zuwa ne ranar kasuwa, ko tafiya gona da damina. Waɗanda suka daɗe a harkar nan sun san babu ajin da kowa ke tashi lokaci guda, kuma jadawalin da ya yi kyau fiye da kima shi suka fi tsananta wa tambaya a intabiyu.

Sauran ayyukan ba sai na tsawaita ba. Tsarin darasi ɗaya da kike alfahari da shi, ki sake buga shi tsaf, kada ki ɗauki hoton tsohon littafin lesin not. Gajeren labarin yara da kika rubuta da kanki. Bidiyo na minti uku kina koyar da gaɓa ɗaya, waya a jingine, tana kallon ke da allo. Idan kuwa horar da malamai kike hari alhali ba ki taɓa yi ba, ki nemi izinin hedimasta ki tara abokan aikinki na sa'a ɗaya ki nuna musu yadda ake gwajin nan, ki ajiye takardar da kika raba musu da abin da suka ce bayan sun gwada. Ƙaramin abu ne, amma aiki ne na gaske da kika yi.

Akwai abin da nake so ki riƙe da kyau, domin nan malamai da yawa ke yin tuntuɓe. Yaran nan amana ce. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora sharaɗin samun yardar iyaye ko mai kula kafin a yi amfani da bayanan yaro. Saboda haka babu fuskar yaro, babu sunansa, babu hoton rajista ko katin sakamako mai ɗauke da sunaye. Ƙungiyoyin da kike nema suna da tsauraran ƙa'idojin kare yara. Hoton ɗalibanki a fili zai iya sa a ajiye takardarki tun ba a karanta ba. Ke ma ki kare kanki: kada lambar NIN, ko ranar haihuwa, ko lambar satifiket su hau shafin da kowa ke iya buɗewa. Ki rubuta sunan shedar da shekarar da kika same ta kawai, in sun bukaci asali za su nema.

Batun rashin kwamfuta ba zai hana ba. Asusun Google yana zuwa da gigabait 15 kyauta, kuma manhajojin tsara takardu irin su Google Docs da Canva duk suna aiki a waya. Ki shirya kowane shafi, ki mai da shi PDF mara nauyi, ki tara su a jaka ɗaya a Google Drive. Idan shafin intanet sosai kike so, Google Sites kyauta ne, sai dai gina shi ya fi sauƙi a kwamfuta, don haka ki gama rubuce-rubucenki a waya sannan ki je kafe na intanet ki haɗa shi a zama ɗaya. Bayan kin gama, ki tura wa ƙawar nan taki adireshin ta buɗe a wayarta. Sau da yawa mutum ya sha wahala ya haɗa kundi, ya manta bai buɗe izinin gani ba, mai ɗaukar aiki ya latsa ya tarar a kulle, ya wuce na gaba. Adireshin ki sa shi a saman CV ɗinki, ƙarƙashin suna, ki kuma maƙala shi a LinkedIn, dandalin ma'aikata da masu neman aiki.

Shafin farko ki rubuta shi da Turanci mai sauƙi, tunda da shi ake tallata guraben: wace ce ke, wane aiki kike nema, a layi uku. Samfuran aikin kuwa ki bar su da Hausarsu, da ɗan bayani na Turanci a saman kowanne.

Ba zan ɓoye miki ba, tun da gwamnatin Amurka ta rufe USAID, hukumarta ta tallafa wa ƙasashen waje, a 2025 guraben ƙungiyoyi sun ragu, masu gogewa ma suna nema. Don haka kada ki ajiye aikinki sai takardar ɗauka ta shigo hannu, kuma ki haɗa da duba makarantu masu zaman kansu da ke neman mai kula da manhajar karatu, da masu buga littattafan yara. Zamanki a aji yanzu ma riba ce, domin a can shedar take. Idan ba ki da alƙaluman farkon zango na baya, kada ki ƙirƙiro su daga ka. Ki shirya takardar gwajin tun yanzu, ki yi wa yaranki a makon farko na zango mai zuwa.