Amsar tambayarka kan al'adar sa wa rai kuɗi a lissafin hanya

Wa alaikumus salam ɗana, ya karatu ya ƙoƙari, Allah ya dafa maka. Naga saƙonka tun shekaranjiya, ban amsa da wuri bane saboda tambayar taka ba ta layi biyu bace, sai da na samu natsuwa tukuna.

Kace a aikin digirinka malamin da ke duba ka ya ce dole ka rubuta wani adadi na kuɗi a gaban kowane mutum ɗaya da gyaran hanyar zai hana shi mutuwa, ka tara shi da kuɗin mai da na lokacin da matafiya za su rage, da ka nuna abin bai kwanta maka ba sai ya ce haka al'adar masu wannan bincike take ko'ina a duniya. Shine kake tambayata daga ina al'adar ta samo asali, kuma ya kamata mutum mai tsoron Allah ya bi ta ko ya ƙi. Toh wallahi naji daɗi da abin ya dame ka, ni ma ranar da na fara ganin wannan layin a takarda sai da gabana ya faɗi. Amma bayan shekarun da na yi ina wannan aikin, amsata ita ce ka bi ta, sai dai ka san me kake rubutawa, don yawancin masu cike wannan gurbin basu san asalinsa ba.

Auna amfanin hanya da kuɗi tsohon abu ne. Wani injiniya ɗan Faransa mai suna Jules Dupuit tun a 1844 ya yi rubutu kan yadda za a gane amfanin gada ko hanya ga jama'a, ya ce a duba nawa mutane za su yarda su biya don su bi ta, ba wai nawa aka kashe wajen ginata kaɗai ba. Daga baya da motoci suka yi yawa mutuwa a kan titi ta zama ruwan dare, sai aka ga dole ita ma ta shiga lissafin. Hanyar farko da aka bi, ita ce wadda ta cancanci duk ƙyamar da kake ji: sai a ɗauki albashin da mamacin zai samu da ya rayu har ya yi ritaya a ce wannan ne hasarar. Kaga kenan ran manaja ya fi na lebura, uwar da ke gida tana renon yara kusan ba ta da komai a takardar, wasu ma har cire abin da mutum zai ci ya sha suke yi daga jimlar, sai ya zama tsoho irina da ya bar aiki mutuwarsa riba ce ga ƙasa a lissafinsu. Wannan kam ɓata ne ƙarara kuma masanan da kansu suka gane haka.

Wanda ya juya akalar maganar shine Thomas Schelling, Ba'amurke masanin tattalin arziki, a wata maƙala da ya fitar a 1968, shi ne daga baya ya samu kyautar Nobel a 2005. Abin da ya ce mai sauƙi ne amma sai ka natsu. Ya ce idan gwamnati za ta sa shinge a tsakiyar hanya ai ba ta san wa za ta ceta ba, babu suna babu fuska, abin da take yi kawai shine rage wa kowa ɗan haɗari kaɗan. Toh tambayar da ta dace ita ce nawa mutane da kansu suke yarda su biya don a rage musu wannan ɗan haɗarin. Bari in baka misali da lissafin kai: mutum 100,000 suna bin wata hanya, a shekara ɗaya daga cikinsu zai mutu in ba a gyara wata kwana ba, kowannensu ya yarda zai iya ba da dala 50 don a kawar masa da wannan haɗarin na ɗaya cikin 100,000, in ka tara ya zama dala miliyan 5. Wannan miliyan 5 ɗin ita ce adadin da malaminka ke nufi. Ba farashin wani bawan Allah bane, in ka je ka ce wa ɗaya daga cikinsu ga miliyan 5 ka ba da ranka ai ba zai saurare ka ba. Kuma ba diyya bace, diyya bayan rasuwa take ga mutum sananne a ba magadansa, wannan kuwa kafin a mutu ne don kada a mutu ɗin. Birtaniya ta koma wannan tsarin a 1988 ta fara da fam 500,000, ma'aikatar sufuri ta Amurka kuma adadin da take aiki da shi yanzu ya haura dala miliyan 10.

Abin da ya sa na tsaya kai da fata a kan a riƙa sa adadin kuwa, gani na yi da idona. Akwai lokacin da aka kawo mana takardun wani aikin faɗaɗa hanya da ta ratsa ta tsakiyar wani ƙauye mu duba, an lissafa mintunan da manyan motoci za su rage, an lissafa man da za a tsimi, har tayoyin da ba za su ci ba an sa musu kuɗi, gurbin haɗura kuwa an bar shi fayau wai babu alƙaluma kuma ba a son sa wa rai farashi. Na yi magana a taron aka ce kada in kawo tsaiko. Aka yi hanya ta yi kyau sumul, babu gadar masu tafiya a ƙasa babu abin rage gudu, makaranta tana wannan hannun gidaje suna wancan. Ba sai na faɗa maka abin da ya biyo baya ba, har yau in na tuna yaran nan barci yakan gagare ni. Kaga gurbin da aka bari babu komai kwamfuta sifili take karanta shi, wato wanda ya ce yana girmama rai ya ƙi rubuta adadi, a ƙarshe tayar mota ta fi ran yaro nauyi a takardarsa.

Kuma ko ba a rubuta ba hukuncin da aka yanke shi ke nuna adadin. A 1987 Amurka ta ba jihohinta dama su ɗaga iyakar gudu a manyan hanyoyin karkara daga mil 55 zuwa 65 a awa, yawancinsu suka ɗaga. Wasu masana biyu, Ashenfelter da Greenstone, suka bi sawun abin suka fitar da sakamako a 2004: gudun motoci ya ƙaru da wajen kashi 4 cikin ɗari ne kawai, amma yawan mace-mace a waɗannan hanyoyin ya ƙaru da wajen kashi 35, wato a kan kowane rai ɗaya da aka rasa an tsimi awa kamar 125,000 na tafiya, da suka juya awannin nan zuwa albashi ya kama dala miliyan ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya a kuɗin 1997. Babu ɗan majalisar da ya miƙe ya ce rai miliyan ɗaya da rabi ne, amma ƙuri'ar da suka kaɗa abin da ta ce kenan. Ni dai gara a rubuta a fili kowa ya gani a yi gardama a kai.

Sannan ka riƙa sa ido a ɗaya ɓangaren takardar, inda ake cewa hanya za ta bunƙasa tattalin arziki, don nan ne aka fi zuba gishiri. Wani masanin tattalin arziki David Aschauer a 1989 ya ce raguwar kuɗin da gwamnatin Amurka ke sawa a hanyoyi da makamantansu ita ce ta rage yawan abin da ma'aikata ke samarwa tun shekarun 1970, 'yan siyasa suka yi ta murna da shi, amma masana suka ce tsaya, hanya ce ta kawo arziki ko kuwa mai arziki ne ke da kuɗin gina hanya? Wannan tambayar har yau ita ce ƙashin bayan fannin naku. Wani lokacin amfanin gaskiya ne, Dave Donaldson ya bi tarihin jiragen ƙasan da aka shimfiɗa a Indiya zamanin mulkin Ingila ya gano gundumar da dogo ya isa kuɗin shigar noma ya ƙaru da wajen kashi 16. Amma a Indiyar dai, Asher da Novosad sun duba shirin hanyoyin ƙauyuka na zamanin nan a 2020 suka ga mutane sun samu fita neman aikin da ba noma ba, sai dai samun kuɗi da dukiyar ƙauyukan bai wani motsa sosai ba. Duranton da Turner kuma a 2011 suka nuna a biranen Amurka in ka ƙara layukan hanya tafiyar motoci ƙaruwa take daidai gwargwado, cunkoso ya dawo inda yake. Ga Bent Flyvbjerg da ya tara manyan ayyukan sufuri 258 ya ga tara cikin goma sun ci kuɗi fiye da abin da aka ce tun farko, na dogo da wajen kashi 45, na titi wajen kashi 20. Toh in ana kumbura riba ana ƙanƙantar da kuɗin kashewa, sannan kai mai gaskiyar ka janye hannunka daga gurbin rayuka, wa ya rage zai yi magana a madadin mai tsallaka titi?

Ba ƙaramin abu muke magana a kai ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, wato sa'o'inka da ƙannenka. Kashi 92 na mace-macen a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke, alhali motocinsu wajen kashi 60 ne na motocin duniya, fiye da rabin masu mutuwar kuma masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur. Yawancin ƙasashe abin na cinye musu kimanin kashi 3 na arzikin da suke samarwa a shekara.

Yanzu bari in faɗa maka inda al'adar take da rauni don kada ka ɗauka na wanke ta tas. Tunda adadin daga abin da mutane za su iya biya yake fitowa, na ƙasa mai arziki kullum ya fi na matalauciya nesa ba kusa ba, wannan yana nuna aljihu ne ba darajar ɗan Adam ba, shi ya sa a cikin ƙasa ɗaya a kasafi ɗaya adadi ɗaya ya kamata a yi wa kowa, mai jif da mai tura baro, kada ka taɓa yarda a bambanta. Sai matsalar ƙidaya, wadda a ganina ta fi ma wannan illa. Ƙa'idar da yawancin ƙasashe ke bi ita ce duk wanda ya rasu cikin kwana 30 bayan haɗari a sa shi a mace-macen hanya, amma a wurare da yawa ɗan sanda wanda ya gani kwance a wurin kawai yake rubutawa, wanda ya cika a asibiti bayan sati ko aka wuce da shi gida babu shi a littafi. In ka ninka adadi mai kyau da ƙidayar da ta zubar da rabin mutanen ai ka zalunce su sau biyu. Don haka ka haɗa alƙaluman 'yan sanda da na asibiti ka gwada su, ka kuma rubuta giɓin da ka gani. Waɗanda suka nakasa ma kada ka manta da su, sun ninka mamatan sau da yawa kuma iyalansu ke ɗauke da su har ƙarshen rayuwa.

Akwai wani tarko kuma da ɗalibai ke yawan faɗawa. Za ka ga an zaɓi wata mahaɗa don bara ta yi haɗura da yawa, an kafa allo an shafa fenti, bana haɗura sun ragu sai a ce aiki ya yi. Alhali wurin da ya yi mummunar shekara sau da yawa da kansa yake komawa matsakaicinsa ko ba a taɓa shi ba. Ka ɗauki shekaru uku zuwa biyar kafin gyaran, ka kwatanta da wasu wuraren masu kama da shi da ba a gyara ba.

In kuma zuciyarka ta fi karkata ga waɗanda suka ce rai ba abin ciniki bane sam, toh kana da abokan ra'ayi kuma ba ƙananan mutane ba. Majalisar Suwidin a 1997 ta amince da manufar cewa babu adadin mutuwar da za a lamunta a kan hanya don a saya wa wasu sauri, suka ce ɗan Adam dole ya yi kuskure saboda haka hanyar ce za a gina yadda kuskure ba zai zama ajali ba, suka sa shingen waya a tsakiyar hanyoyinsu, suka yawaita shataletale, suka rage gudu a cikin unguwanni, yau suna cikin ƙasashen da mutuwar hanya ta fi ƙaranci a duniya. Ina ganin girman wannan matsayi ƙwarai kuma shi nake so ka riƙe a matsayin inda aka dosa. Sai dai su ma kasafinsu na da iyaka, ranar da za su zaɓi wace hanya za a fara sa wa shinge bana wace sai baɗi, lissafin rai nawa kowane kuɗi zai ceta shi suke komawa.

Saboda haka ka sa adadin yadda malaminka ya ce, amma a ƙasansa ka yi bayani da kalmominka cewa ƙimar rage haɗari ce, ka faɗi inda ka samo shi da shekarar kuɗin, ka gwada lissafin da adadi ƙarami da babba a ga ko hukuncin zai canza. Kuma a gefen kuɗin ka buɗe wani gurbi daban ka rubuta yawan mutanen da kansu, nawa masu tafiya a ƙasa nawa yara nawa masu babur, don mai sa hannu ya gan su kafin ya ga jimla. In ka gama babin ka turo min in duba maka jadawalin kafin ka kai masa, ka gaishe min da mahaifiyarka da ƙannenka.

Baffanka.