Gwajin Danna Hannu Ba Ya Nuna Abincin da Ke Cutar da Yaro

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara uku yana fama da ƙuraje masu ƙaiƙayi da yawan gudawa, sai maƙwabciyata ta raka ni wurin wani mai magani a nan Kano. Ya sa na rungume yaron na miƙe hannuna na dama, ya ɗora ƙullin garin madara a kan cikin yaron, ya danna hannun nawa sai ya yi ƙasa. Haka ya yi da gyaɗa da ƙwai, sannan ya ce in daina ba shi duka ukun. Shin wannan gwaji abin dogaro ne? Daga wata uwa a Gwammaja.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba yaron lafiya. Malama, kada ki hana shi abincin nan saboda wannan gwaji kaɗai. Wani Ba'amurke mai gyaran ƙashin baya, George Goodheart, shi ya ƙirƙiro hanyar gwada ƙarfin tsoka a 1964, masu gwada abinci da ita kuma suna yi ne bisa tunanin cewa tsoka tana yin rauni idan jiki ya kusanci abin da ba ya so. Da masu bincike suka ɓoye abubuwan gwajin, ta yadda mai dannawa da wanda ake dannawa ba su san abin da aka ɗauko ba, sai sakamakon bai wuce na canke ba. A 2011 hukumar NICE, mai ba likitocin Ingila shawara, ta ce kada a yi amfani da shi wajen gano abincin da jikin yaro ba ya karɓa.

Hannun da aka miƙe yana saurin gajiya, kuma ɗan ƙarin ƙarfi ko sauya wurin danni ya isa ya saukar da shi, sau da yawa ba tare da mai dannawar ya lura ba, don haka ba lallai ne mutumin yana da niyyar cutar ki ba. Amma ki tuna cewa hannunki aka danna, ba na yaron ba.

Abin da ya fi damuna shi ne, yaron da gudawa ta riga ta ramar, idan aka raba shi da madara da ƙwai da kunun gyaɗa a lokaci guda, an buɗe wa tamowa ƙofa. Ki kai shi Asibitin Yara na Hasiya Bayero ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ki tafi da bayanin abin da yake ci kullum da lokacin da ƙurajen suke tasowa, domin da wannan likita zai fara kafin ya yanke ko ana bukatar gwajin fata ko na jini. Kafin nan ki riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari duk lokacin da ya yi gudawa. Idan kuwa leɓensa ya taɓa kumbura ko numfashinsa ya sarƙe bayan cin wani abu, ki dakatar da wannan abin, in ya sake faruwa kuma ki garzaya da shi asibiti nan take.