Wa ke juya akalar Royal Society, kuma daga ina kuɗin bincikenta ke fitowa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina digiri na biyu a fannin sinadarai a Zariya. Ina yawan ganin sunan Royal Society ta Landan a ƙarshen takardun bincike, masu aikin suna gode mata don ta ɗauki nauyinsu. Ma'aikatar gwamnatin Birtaniya ce ko ta gidan sarauta? Wa ke shugabantarta, kuma ina take samo kuɗin da take rabawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗalibi. Ba ma'aikatar gwamnati ba ce, kuma ba mallakar gidan sarauta ba ce. Sarkin Ingila uban ƙungiya ne kawai. A doka, ƙungiyar taimakon al'umma ce mai zaman kanta, mambobinta, waɗanda masana kimiyya ne, su ke mulkinta.

Ranar 28 ga Nuwamba 1660 aka kafa ta, lokacin da mutum 12 suka zauna a Kwalejin Gresham da ke Landan bayan wata lacca ta masanin taurari Christopher Wren. A 1662 Sarki Charles na II ya ba su takardar amincewa, amma bai yanka musu kuɗin tafiyar da aiki ba. Kowane mamba sule ɗaya yake biya a mako, da yawa kuma ba sa biya. Shi kansa Isaac Newton sai da aka yafe masa wannan kuɗin a 1675. A 1686 ƙungiyar ta zuba abin da take da shi wajen buga wani katafaren littafi kan kifaye, littafin ya ƙi sayuwa, asusu ya bushe. Shi ya sa da aka zo buga Principia, shahararren littafin Newton, a 1687, masanin taurari Edmond Halley ne ya biya daga aljihunsa. Ka ga ke nan suna da martaba ba su ne kuɗi ba, kuma ƙungiyar ta daɗe kafin ta haɗa biyun.

A yau ragamar tana hannun majalisar gudanarwa mai mutum 20 zuwa 24, waɗanda mambobi ke zaɓa daga cikinsu. Su ne amintattun da doka za ta tuhuma idan kuɗi ya salwanta. A cikinsu akwai manyan jami'ai biyar: shugaba, ma'aji, sakatare na ɓangaren kimiyyar halittu, sakatare na ɓangaren lissafi da fiziks da sinadarai, da sakataren hulɗa da ƙasashen waje. Wa'adin shugaba shekara biyar ne. Aikin ofis na yau da kullum kuwa ma'aikata ne masu albashi ke yinsa a hedikwatarta da ke Carlton House Terrace.

Wannan wa'adi ba haka kawai ya faɗo ba. Joseph Banks ya riƙe shugabanci daga 1778 har ya rasu a 1820, kuma a wancan zamanin attajiri ko ɗan sarauta kan zama mamba ko da bai taɓa binciken komai ba. Masana na gaske suka yi ta ƙorafi, har a 1847 aka gyara ƙa'ida: mutum 15 kacal za a zaɓa a shekara, kuma bisa aikin kimiyyarsu. A ganina wannan gyaran ne ya ceci ƙungiyar. Sai dai gyaran bai kai ga mata ba sai a 1945, da aka zaɓi Kathleen Lonsdale da Marjory Stephenson. Kusan ƙarni uku ƙofa na rufe gare su, wannan kuma tabo ne babba a tarihinta.

Mutum ba ya cika fom ya nemi zama mamba. Mambobi biyu ne za su gabatar da sunansa, kwamitin fanninsa ya duba ayyukansa ya nemi ra'ayin masana na waje, majalisa ta fitar da jerin ƙarshe, sannan a kaɗa ƙuri'a a asirce. Sai ya sami kashi biyu bisa uku na masu zaɓe. Suna kan zauna a jerin har shekara bakwai ana sake dubawa.

To, batun kuɗi. Kaso mafi girma daga gwamnati yake zuwa. An fara ne a 1850 da fam 1,000 a shekara, yanzu kuwa ana maganar miliyoyin fam masu yawa. Sai waƙafi da gudummawa: Godfrey Copley ya bar wasiyyar fam 100 a 1709, daga nan ne lambar yabo ta Copley ta samo asali a 1731, har gobe ana bayar da ita. Ana juya irin waɗannan dukiyoyi a zuba jari, a yi aiki da ribar. Sai kuma abin da take samu daga mujallunta, waɗanda ta farkonsu, Philosophical Transactions, ta fara fitowa tun 1665.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, mai bayar da kuɗin daban, mai yanke wanda za a ba daban. Gwamnati tana faɗin nawa za ta bayar da irin shirin da za a yi, amma minista ba ya zaɓar wanda zai ci. Ƙungiyar ba ta da ɗakunan gwaji nata, kuɗin yana tafiya ne ga masu bincike a jami'o'insu. Mai nema zai rubuta abin da zai bincika da kasafinsa, a aika wa masana fannin su tantance, kwamiti ya zauna ya jera su, a wasu shirye-shiryen har a kira mutum a yi masa tambayoyi ido da ido. Ɗan kwamitin da ke da alaƙa da mai nema dole ya bayyana, ya janye daga tattaunawar. Fitaccen shirinta na matasan masu bincike yakan ɗauki albashin mutum da kuɗin aikinsa har shekara takwas. Tsawon lokacin nan ya fi yawan kuɗin muhimmanci, domin wanda ba ya fargabar albashin baɗi shi ne ke iya tunkarar matsala mai wuya wadda ba za ta ba da sakamako da wuri ba.

Amma 'yancin nan yana da iyaka, kuma Afirka ce ta ɗanɗana. A 2018 ƙungiyar ta haɗa kai da Kwalejin Kimiyya ta Afirka, wata ƙungiyar masana mai hedikwata a Nairobi, suka buɗe shirin FLAIR, don matasan masana su yi bincike a jami'o'in nahiyarsu ba sai sun yi ƙaura ba. Kuɗin daga asusun agajin ƙasashen waje na Birtaniya yake. A 2021 gwamnati ta rage wannan asusu daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa, aka datse shirin. Ƙungiyar ta nuna ɓacin ranta a fili, amma ba ta iya hana yankewar ba, kuma mutanen da suka ɗauki ɗalibai suka sayi kayan aiki su ne suka kwana ciki.

A Nijeriya muna da Kwalejin Kimiyya ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1977, ita ma mambobinta ne ke zaɓar sababbi. Sai dai babban kuɗin bincike na jami'o'in gwamnati ta hannun TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, yake bi. Game da kai kuwa, yawancin tallafin Royal Society na waɗanda suka gama digirin digirgir ne, kuma da yawa sai da jami'a a Birtaniya da za ta karɓe ka ko abokin aiki a can. Tun yanzu ka mai da hankali wajen buga aikinka a mujallu masu tantancewa, ka kuma tambayi mai duba aikinka, shin sashenku yana da haɗin gwiwa da wata jami'a a can.