Tayar gaba ta fashe mini a gangara: faɗinta ne ko zafin kwalta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Makonni uku ke nan da na yi hatsari da kekena, har yanzu hannuna a ɗaure yake, na karye a wuyan hannu. Asalin tayar keken siririya ce, 700x25, wato faɗinta milimita 25. Saboda hanyar da nake bi ba ta da kyau sai na sa aka canza mini mai faɗi, 700x38, a kan rim ɗin da yake kai. A jikin rim ɗin an rubuta 622x13C. Na ci gaba da ba ta iska 90 a ma'aunin psi kamar yadda na saba. A wata doguwar gangara, ina riƙe da birki zan sha kwana, sai na ji ƙara kamar an harba bindiga, sai ganina na yi a ƙasa. Tif ɗin ya tsage tsawon tafin hannu, tayar kuwa babu ko huji. Wanda ya sa mini tayar ya ce zafin kwalta ne da kuma tif marar kyau, a sa sabon tif kawai, tunda tayar ta shiga ai ta dace. Ɗana yana hawa keken nan, shi ya sa hankalina ya ƙi kwanciya. Me ya faru, kuma me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ka lafiya, ya kiyaye gaba. Kafin komai, jingine keken nan, kada yaron ya hau shi ko da an sa sabon tif.

Tif ɗin da ka ajiye ya riga ya ba da shaida. Tif ba ya yin irin wannan ƙara yana cikin taya. In ƙusa ce ko ƙaya, huji ɗaya za ka gani, iska ta fita a hankali. In rami ka faɗa da ƙarancin iska, huji biyu ne a jere kamar saran maciji. In jikin tayar ne ya yage, za ka ga wurin da idonka. Doguwar tsaga da ƙara mai ƙarfi, taya kuma lafiya lau, abu ɗaya suke nufi: bakin tayar ya ɗaga daga rim, tif ya leƙo waje, ya kumbura babu abin da ya tare shi, ya fashe. Tif roba ce kawai mai riƙe iska, ƙarfin duk yana jikin zaren taya da wayar bakinta. Mafi tsadar tif a duniya ma, in ya fito waje da iska 90 a cikinsa, fashewa zai yi. Don haka maganar tif marar kyau a ajiye ta gefe.

Abin da ya rage shi ne dalilin da ya sa bakin ya ɗaga. Lambar 13 da ke jikin rim ɗinka faɗin cikinsa ne a milimita, daga leɓe zuwa leɓe. Rim mai 13 an yi shi don taya mai faɗin 18 zuwa 25. Tsohuwar ƙa'idar da masu gyara suke aiki da ita ita ce faɗin taya ya kasance tsakanin ninki ɗaya da rabi zuwa ninki biyu na faɗin cikin rim. Sababbin jadawalai sun sassauta, musamman ga rim masu faɗi da tayoyin da ake ba iska kaɗan, amma kai ka kusa ninki uku a kan ɗaya daga cikin mafi ƙuncin rim da ake yi. Taya 38 a kan 13 tana tsukewa a gindi ta buɗe a sama kamar ƙwan lantarki. Gefenta yana fitowa daga rim a kwance maimakon a tsaye, yana jan leɓen rim waje, kuma a kwana tana lanƙwashewa gefe tana fizgar bakinta.

Sai iska. Ƙarfin da iska take ja da jikin taya yana ƙaruwa daidai da faɗin tayar. Iska 90 a cikin taya 38 tana ja kamar ka sa 137 a cikin tsohuwarka mai 25. Da wani ya ce ka ba siririyar 137 a kan tsohon rim da ba ka yarda ba, amma abin da ka yi ke nan ba ka sani ba. Ka duba gefen tayar, akwai iyakar iskar da kamfanin ya rubuta, ka gwada da 90 ɗin naka. A kan wannan aka ƙara zafi, kuma mafi yawansa daga birkinka ya fito. Robar birki tana gogar rim tun daga saman gangara har ƙasa, rim ya yi zafin da ba ka iya taɓa shi, iskar ciki ta ɗauka. In iskar ta tashi daga digiri 25 zuwa 85, 90 ɗinka ta haura 110. Zafin rana da kwalta kaɗai, a ce daga 25 zuwa 55, abin da zai ƙara bai kai 11 ba, kuma tayar da ta zauna daidai a rim ɗinta tana ɗaukar wannan ba tare da ta motsa ba. Zafi ya taimaka, amma ya tarar da abu a bakin gaɓa ne ya tura.

Yanzu ga maganar da ta fi ci mini rai, wadda nake ji kusan kullum: "tunda ta shiga ai ta dace." Na rasa inda aka samo wannan karatu. Shigar taya a rim ba ta tabbatar da komai sai cewa mai sawa yana da ƙarfin yatsa ko yana da liba. Taya ba ta zama a rim don an cusa ta. Tana zama ne saboda da'irar wayar bakinta ta yi daidai da da'irar kafaɗar rim, bambancin da aka yarda da shi bai kai kaurin farce biyu ba, sannan leɓen rim ya riƙe ta. Wannan ne dalilin da ya sa aka yi lambar ETRTO, ƙungiyar Turai mai tsara ƙa'idar taya da rim, lambar da ta zama ma'aunin ISO 5775, mai lamba biyu irin 38-622: ta farko faɗin taya, ta biyu faɗin da'irar inda bakin yake zama, duk a milimita. Tana nan a gefen kusan kowace taya, amma sai mai gyara ya tsallake ta ya karanta inci, alhali inci a harkar keke suna ne kawai, ba awo ba ne.

Ɗauki abin da ake kira 26. Akwai 559 na kekunan hawa dutse, akwai 571, akwai 584, akwai 590 na tsofaffin kekunan Ingila masu giya uku, akwai 597. Duk sunansu 26, kuma babu wadda take zama a rim ɗin wata. 26x1.75 da 26x1¾ a lissafin makaranta abu ɗaya ne, a keke kuwa ta farko 559 ce ta biyu 571. Wadda ake kira 28 tana iya zama 622, tana iya zama 635 in ita ce 28x1½ ta manyan kekunan ɗaukar kaya. 29 ita ma 622 ce. 27 kuwa 630 ce, wato ta fi 29 girman da'ira, kuma 27.5 ita ce 584. Wanda yake zaɓar taya da inci yana zaɓa ne ido rufe.

In bambancin yana da yawa babu haɗari sosai, domin tayar ba za ta shiga ba ko kuma ta faɗo da kanta. Masu kisa su ne na kusa da juna: taya 630 a rim 622, ko 590 a rim 584. Milimita 8 da milimita 6. Tana shiga cikin sauƙi, har mai sawa ya yaba mata, ta ɗauki iska ta yi kyau a ido, ka hau kwana biyu lafiya. Amma milimita 8 a faɗin da'ira ya kai milimita 25 a kewaye, kuma wannan rarar tana taruwa wuri ɗaya ne ranar da ta ga dama. An sha kawo mini wili da aka naɗe rim ɗinsa da yankakken tsohon tif, zagaye uku ko huɗu, wai don a cike gurbin tayar da ta yi sako-sako. Na kwance wani irinsa na tarar robar ta narke ta manne, ta ɗaga bakin tayar har ya zo daidai da leɓen rim, babu abin da yake riƙe da shi sai sa'a. Wannan keken ɗan makaranta ne yake hawa.

Kishiyar haka ma ana yi. Taya ta yi wa rim kaɗan, sai a zo da sukudireba biyu, wani ya taka wani ya banƙara har ta faɗa. A wannan banƙarar wayar bakin tana karyewa ko ta saki a cikin robar, ba ka gani daga waje. In ka bi bakin da yatsa za ka ji wurin ya yi laushi ko ya yi gwiwa. Daga ranar tayar ta mutu, ko sabuwa ce fil. Sukudireban kuma ya bar tabo a leɓen rim, ya ciji tif. Aikin da aka yi da sunan taimako ya ɓata abu uku a zama ɗaya, kuma idan ta fashe a ce tsautsayi ne. Tsautsayi gaskiya ne, amma wanda aka ba amanar keken da mutum zai hau ya gangara da shi, ya ƙi karanta lambar da ke rubuce a gabansa, ganganci ya yi, kuma hakkin karayar yana wuyansa. Mai gyaran da bai sani ba ya tambaya, babu kunya a ciki. Wanda aka nuna masa ya ce shekara ashirin yana yi haka babu abin da ya faru, ka ɗauke kekenka daga hannunsa. Waɗanda abin ya faru da su ba sa dawowa wurinsa, shi ya sa bai sani ba.

Kada a ɗauka matsalar tsofaffin kekuna ce kawai. Sababbin rim marasa leɓe, waɗanda ake sa wa taya marar tif, iyakar iskarsu 72.5 ce, kuma ba kowace taya ce aka yarda a sa musu ba. A watan Fabrairun 2024, a tseren Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, tayar gaban ɗan tseren Beljiyam Thomas De Gendt ta fita daga irin wannan rim ya faɗi. Taya 28 ce a kan rim mai faɗin ciki 25, alhali ƙa'idar ETRTO ta ce a fara daga 29. Kamfanonin da suka yi kayan sun ce wani abu ya buga a hanya, hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta ce za ta binciki lamarin. Inda ake da ƙwararrun makanikai ana jayayya a kan milimita ɗaya, mu kuma ana ce mana milimita 8 ba komai. Can taya ce ta yi wa rim siranta, kai taka ta yi faɗi, duka biyun bakin taya suke raunatawa.

Ga abin da za ka yi. Ko ka koma taya 25, ko kuma in mai faɗin kake so, kuma hanyarka ta cancanci haka, a ɗaura maka rim mai faɗin ciki 19 zuwa 21, ka ba 38 ɗin iska tsakanin 50 zuwa 60 gwargwadon nauyinka, da geji, ba da matsa yatsa ba. Tayar da ta fita kada ka mayar da ita, domin bakin da ya taɓa tsallake leɓe da ƙarfin iska ya riga ya miƙe. Rim ɗin ma a duba shi: ɗora rula a gefen da birki yake ci, in ya yi kwari birki ya cinye shi, kuma irin wannan bango yana buɗewa waje ya saki taya, wani lokaci ya tsage gaba ɗaya. Duba robar birki kada ta hau ta riƙa gogar gefen taya. Tunda da gaba ka faɗi, a duba fok da kan keken ko sun lanƙwashe ko sun tsage, kuma in hular kwanonka ta bugi ƙasa a canza ta.

In aka zo sa sabuwar, tsaya a wurin. A ba tif ɗin iska kaɗan kafin a sa shi don kada ya naɗe. Bayan baki na biyu ya shiga, a tura bawul ciki a sake shi, sannan a bi tayar zagaye ana matsa ta gefe ana leƙawa, kada a ga tif ko kaɗan a ƙarƙashin bakin. Tif da ya maƙale a nan shi ne ya fi kowane abu jawo irin ƙarar da ka ji, ko da taya da rim sun dace. A ba ta iska kamar 20, a juya wilin. Akwai siririn layi da aka yi a gefen taya dab da rim, dole nisansa da leɓen ya zama ɗaya ko'ina, ɓangare biyun. In ya nutse a wani wuri ko ya ɗago a wani, a sace iskar a gyara kafin a cika.

Shi kuma yaron ka koya masa abu biyu. A doguwar gangara kada ya riƙe birki yana ja tun daga sama, ya matsa da ƙarfi ya saki, yana musanya gaba da baya, in tana da tsawo sosai ya tsaya rim ya huce. In kuma tayar gaba ta taɓa fashe masa, kada ya damƙi birkin gaba kuma kada ya yi kwana, ya riƙe kan keken a miƙe, ya ja jikinsa baya a kan sirdi, ya tsaya da birkin baya a hankali. Duk lokacin da ɗaya daga cikin tayoyin ta fi ɗaya lafiya, a sa mai lafiyar a gaba.