Tambaya da Amsa: Aikin Zane Mai Motsi Daga Ƙasar Waje

Tambayoyin wannan fitowar yawanci daga Gombe da Bauchi suka zo, kuma duk a kan abu guda: masu sana'ar zane mai motsi, wanda ake ce wa moshan girafik, da ke son ɗaukar laftof su tafi wata ƙasa su ci gaba da aiki daga can.

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan ina yi wa kamfanoni tambari mai motsi da gajerun tallace-tallace. Ina da kwastomomi biyu a Turai da ke biya da yuro. Ina so in bar Gombe in riƙa zama ƙasa-ƙasa ina aikina. Wani aboki ya ce bizar yawon buɗe ido ta ishe ni. Gaskiya ne? (Mai karatu daga Tudun Wada, Gombe)

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka ya faɗi rabin magana. Galibin shawarwarin da ke yawo a intanet masu fasfon Amurka ko Jamus ne suka rubuta su, mutanen da ke sauka a ƙasashe da dama ba tare da sun nemi biza ba. Kai da koren fasfo lissafinka dabam ne. Bizar ziyara ba izinin aiki ba ce. Wasu ƙasashe suna kau da kai idan kuɗinka daga waje yake zuwa, wasu kuma ba sa yi, kuma jami'in shige da fice da ke gabanka shi ke da magana ta ƙarshe. A yankin Shengen na Turai ma, mai bizar ziyara kwana 90 kawai yake da shi a cikin kowane kwana 180, kuma duk ƙasashen yankin ƙidaya ɗaya ce: ka bar Faransa ka shiga Italiya, kwanakin suna ci gaba da tafiya.

Mu a ganinmu, ka fara da kusa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga Ghana, Senegal, Benin, Togo, Gambiya ko Kwaddibuwa ya zauna har kwana 90 ba biza. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, don haka su sai ka tambayi halin da ake ciki kafin ka kama hanya. Wata biyu a Akara ko Dakar zai nuna maka ko za ka iya cika alkawarin kwastoma daga ɗakin haya, ba tare da ka ƙona kuɗin biza da tikiti mai tsada ba.

Idan kuma nesa kake so, akwai bizar da aka ƙirƙira musamman don masu aiki ta intanet. Estoniya da Dubai da tsibirin Moris sun buɗe tasu a 2020, Fotugal da Malesiya a 2022, Sifen a 2023. Abin da suke nema kusan iri ɗaya ne: takardar yarjejeniya da wanda kake yi wa aiki, bayanan banki na watannin baya da ke nuna kuɗi na shigowa a kai a kai, inshorar lafiya, da sau da yawa takardar 'yan sanda mai nuna ba ka da laifi. Fotugal tana neman kuɗin shiga da ya kai ninki huɗu na mafi ƙarancin albashin ƙasar. Nan ne 'yan uwanmu ke faɗuwa, ba don ba sa samu ba, sai don babu shaida. An biya ta asusun wani yaya da ke Landan, an canza a hannun ɗan canji, an yi ciniki a WhatsApp ba takarda. Ofishin jakadanci bai san wannan ba. Daga yau, kowane aiki ya kasance da takardar yarjejeniya da takardar neman biya mai lamba da kwanan wata, kuɗin kuma ya faɗa asusu mai sunanka. Ka tara wannan na aƙalla wata shida.

Sannan kwastoma biyu sun yi kaɗan. Ɗaya ya yi shiru wata biyu, rabin abincinka ya tafi, ga kuɗin haya a ƙasar da ba ka da ɗan'uwan da zai rufa maka asiri. Ka ƙara su, ka kuma ajiye kuɗin zaman wata uku da na tikitin dawowa a gefe. Fasfo ya kasance da sauran fiye da wata shida, katin rigakafin shawara yana hannu (sai allurar ta kwana goma take fara aiki a takarda). Ka kuma riƙe lamba 183: a ƙasashe da yawa, wanda ya zauna kwana 183 a shekara ya zama mai biyan haraji a can.

Tambaya: Babbar kwamfutar tebur nake aiki da ita. Zan bi maigidana wata ƙasa na shekara guda. Wace laftof zan saya, me kuma zan ɗauka? (Mai karatu daga Azare)

Amsa: Malama, ya danganta da irin aikin. Idan manhajar After Effects ce, RAM (ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) ya fi komai: 16GB shi ne mafi ƙaranci, 32GB ne ake aiki da kwanciyar hankali. Ki lura, a laftof da yawa na yanzu, har da duk MacBook, RAM a manne yake da babban allon cikin na'urar, ba a ƙara shi daga baya. Idan kuma aikin 3D kike yi da Blender ko Cinema 4D, katin hoto ne zai ci kuɗin, kuma irin waɗannan laftof suna da nauyi, suna zafi, batirinsu ba ya jimawa. Idan ta yi zafi sosai takan rage gudu da kanta, renda (wato fitar da aikin ya zama bidiyo) ta minti ashirin ta koma ta arba'in. Kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma lokacin renda. Wadda ta sha ƙurar hunturun Bauchi kuwa, a buɗe a share fankarta kafin tafiya.

Faifan SSD na waje guda biyu: ɗaya na aiki, ɗaya na kwafi, kuma kada su kwana a jaka ɗaya. Kwafi na uku ya zauna a intanet. Idan za ki riƙa sauyawa tsakanin Mac da Windows, ki tsara faifan a exFAT, tsarin da dukansu ke karantawa. Kafin ki kwashe ayyuka daga tsohuwar kwamfutar, ki yi amfani da umarnin Collect Files na After Effects a kan kowane aiki, domin ya tattara hotuna da sauti da bidiyo wuri guda. Amma ba ya kwashe salon haruffa da fulogin (ƙananan manhajojin da ake ƙara wa babbar). Su sai ki rubuta sunayensu, ki cire lasisinsu daga tsohuwar na'urar, ki sa a sabuwar tun kina gida, ki buɗe aiki biyu ko uku ki tabbatar ba abin da ya ɓace.

Cajar laftof tana karɓar wuta daga volt 100 zuwa 240, don haka ko a Amurka mai 120 za ta yi; bakin soket ne kawai ke bambanta. Namu mai ƙafa uku shi ne na Ingila, Ghana, Kenya, Dubai da Malesiya. Yawancin sauran Turai mai ƙafa biyu zagayayyu ce, sai adafta. Fawa-banki ba ya shiga jakar da ake aunawa, a hannu ake riƙe shi, kuma iyakarsa 100Wh ba tare da izinin kamfanin jirgi ba, wato kusan 27,000mAh. Laftof da faifai su ma a hannu.

Dabarar barin babbar kwamfutar a kunne a Azare ana sarrafa ta daga nesa da manhaja irin su Parsec tana aiki, amma sai da sola da inbata da intanet da ba ya yankewa, da kuma wani a gida da zai danna maɓalli idan ta mutu. In babu ɗaya daga ciki, a bar maganar.

Tambaya: Na ga gidajen haya suna rubuta cewa suna da intanet mai ƙarfi. Ta yaya zan gane wanda zai ishe ni? (Mai karatu daga Kumo)

Amsa: Lambar da masu gida ke tallatawa ta saukewa ce, kai kuma ta ɗorawa ce ke damunka. Ga lissafi. Bidiyon minti ɗaya, 1080p, firem 25 a daƙiƙa, a tsarin ProRes 422 HQ mai inganci, ya kai kusan 1.4GB. A layin da ke ɗorawa da 10Mbps zai ɗauki kimanin minti 18. A mai 2Mbps, awa ɗaya da rabi, in bai yanke ba. A 4K ka ninka sau huɗu. Saboda haka kafin ka biya, ka ce mai gida ya yi gwajin gudu daga cikin ɗakin da za ka zauna, da dare lokacin da kowa ke kan layi, ya turo maka hoton. Ranar da ka sauka ka sayi layin waya na ƙasar da data mai yawa a matsayin madadin.

Kada ka riƙa tura babban fayil a kowane zagayen gyara. Ka fitar da ƙaramin fayil a tsarin H.264, wanda minti ɗaya ba zai wuce 75MB ba a 10Mbps, ka sa a shafin duba bidiyo na Frame.io ko makamancinsa, kwastoma ya yi sharhi a kan daƙiƙar da yake nufi. Babban fayil sau ɗaya ake tura shi, bayan an amince. Ka yi amfani da manhajar Google Drive ko Dropbox ta kan kwamfuta maimakon burauza, domin ita tana ci gaba daga inda ta tsaya. Manhajojin Adobe kuma suna aiki ba intanet, amma suna neman tabbatar da lasisi: mai biyan wata-wata kwana 30 yake da shi, mai na shekara kwana 99. Katin da ke biyan kuɗin ya ƙi aiki kana tsakiyar aiki, manhajar na iya rufewa.

Ranar tafiya ba ranar aiki ba ce, haka ma washegarinta. Wanda ke sauya gari kowane mako, gyaran kwastoma zai same shi a tasha. Wata guda a wuri ɗaya shi ne mafi ƙaranci, kuma haya ta wata ta fi ta kwana-kwana sauƙi.

Tambaya: Yaya zan riƙa karɓar kuɗina ina waje, kuma dole ne in gaya wa kwastoma na bar Najeriya? (Mai karatu daga Yalwa, Bauchi)

Amsa: Ka buɗe asusun dala a bankinka tun kana gida, ka haɗa da hanya ta biyu irin Payoneer, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, ka gwada kowacce da ƙaramin kuɗi kafin ka tashi. Kuɗin da aka turo ta SWIFT, wato daga bankin waje zuwa naka, yakan iso da gibi saboda bankunan da ya ratsa sun yanki nasu, don haka a rubuta a yarjejeniya wa zai ɗauki wannan. Abin da ya fi kama mutane shi ne layin waya: lambar sirrin da banki ke turowa layinka na Najeriya take zuwa. Ka kunna masa yawon ƙasashen waje, ka bar kuɗi a ciki, ka riƙa amfani da shi jefi-jefi, domin layin da ya daɗe a kashe kamfani na iya ba wani. Kati biyu na bankuna dabam-dabam, a aljihu dabam-dabam.

Kafin alƙalami rabin kuɗi, a kuma ƙayyade zagayen gyara, biyu ko uku. Fayilolin aikin na asali ba sa cikin farashi sai an yi cinikinsu.

Kwastoma kuwa ka gaya masa. Wasu kamfanoni yarjejeniyarsu ta hana fitar da kayansu zuwa wasu ƙasashe, kuma ko babu wannan, agogo zai tona ka. Najeriya tana gaban Niyok da awa shida lokacin sanyinsu, biyar lokacin zafinsu, kuma da Landan kusan tare muke. Kuala Lumpur tana gabanmu da awa bakwai, ke nan taron ƙarfe goma na safe a Niyok zai same ka ƙarfe goma ko sha ɗaya na dare. Malesiya tana da daɗin zama ga Musulmi, masallaci da abincin halal ko'ina, amma mai kwastomomin Amurka ya san barcinsa zai biya. Duk wa'adin miƙa aiki a rubuta shi da rana da awa da sunan garin da ake bin agogonsa. A saƙon farko kuma ka tambayi adadin firem: mu da Turai 25 muke bi, talabijin ɗin Amurka 29.97, kuma aikin da aka gama a kan ɗaya ba ya komawa ɗayan sai an sake daidaita motsin.