Me ya sa sunayen wasu ƙasashe ke ƙarewa da "stan"?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na lura ƙasashe da dama sunansu na ƙarewa da "stan", irin su Pakistan da Afganistan. Wani abokina ya ce ma'anarsa "ƙasar Musulunci". Shin haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Madalla da wannan tambaya, ɗan'uwa. Abokinka ya yi kuskure, amma yana da uzuri, domin ƙasashe bakwai ɗin da ke ɗauke da wannan ɗafi duk Musulmi ne suka fi yawa a cikinsu: Afganistan, Pakistan, Kazakistan, Kirgistan, Tajikistan, Turkmenistan da Uzbekistan. Biyar na ƙarshen nan sun samu 'yancin kai ne a 1991, da Tarayyar Sobiyet ta wargaje.

Kalmar daga harshen Farisanci ta fito, ma'anarta kuwa "wuri" ko "mazauni". Ta riga Musulunci isa yankin. Uzbekistan ita ce mazaunin Uzbekawa, Tajikistan kuma ta Tajikawa. Ka duba yadda masu harshen ke amfani da ita a maganar yau da kullum: makabarta "ƙabristan" suke ce mata, wato wurin kaburbura, kuma wannan "ƙabr" ɗin ita ce dai ta Larabci da ta ba mu "kabari". A da ma asibiti "bimaristan" ake kiransa, wurin marasa lafiya. Babbar hujjar da nake kafawa ita ce Armeniya, ƙasar Kiristoci tun ƙarni na 4, wadda 'ya'yanta ke kira Hayastan. A Indiya ma akwai jihar Rajastan, "ƙasar sarakuna", daga "sthana" ta Sanskirit, tsohon harshen Indiya, wadda tushensu ɗaya da ta Farisanci.

Pakistan ce ta fita daban, don babu wata ƙabila mai suna Pak. Ƙirƙirar sunan aka yi. Chaudhry Rahmat Ali ne ya fito da shi a 1933 yana Ingila, ya tsinko haruffa daga sunayen yankuna: P daga Punjab, A daga yankin Afganawa, K daga Kashmir, S daga Sind, sannan "tan" daga Balucistan. Sai kuma aka yi dace, "pak" na nufin tsarki, sunan ya zama "ƙasar masu tsarki". A 1947 ƙasar ta kafu.

Amma ka yi hattara, ba duk kalmomin da ƙarshensu ya yi kama ne ke da dangantaka ba. Ɗauki Hausarmu. A "Larabci", "Turanci" da "Farisanci", ɗafin "ci" harshe yake nunawa, kamar yadda "awa" ke nuna jama'a a "Larabawa" da "Turawa". To "abinci" fa? Kunne zai ji ƙarshensu iri ɗaya ne, amma ka raba ta biyu ka gani: "abin ci" ce, kalmomi biyu da baki ya haɗe, kuma "ci" ɗinta aikatau ne, na sa loma a baki.